Kukan da Oga Kunne Bai Ji Ba

Ebenezer ya ɗaure noti na ƙarshe, ya goge hannu da tsumma, ya ce wa 'yarsa Patricia ta ba motar wuta. Bugu ɗaya injin ya tashi. Ya juya wajen matarsa Janet, wadda ke tsintar shinkafa a bakin ƙofa, yana jiran a yaba masa.

Ba wanda ya yaba. Janet ta ɗago kai daga faranti. Patricia ta leƙo ta tagar mota, fuska a yamutse.

"Baba, wannan kukan fa?"

Saura ƙiris ya ce, wane kuka? Ya haɗiye maganar tun tana maƙogwaro. Shi dai abin da yake ji gurnanin inji ne kawai, lafiyayye, mai daɗi. Amma ga mutum biyu sun zuba masa ido, har karen maƙwabta ya tashi daga gindin mangwaro ya canza wuri.

Duk unguwar Lugbe ba mai kiransa Ebenezer sai fasto da wani tsohon abokinsa. Oga Kunne ake ce masa. Tun yana da gareji, in aka kawo mota mai ƙara, doguwar sukundireba yake ɗauka, ya dafa bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Kafin mai mota ya gama ba da labari ya faɗi abin da ya lalace. Ciwon baya ya raba shi da gareji, amma bai raba shi da sunan ba. Har yanzu a layin 'yan kayan mota, in mai saye da mai sayarwa suka yi rigima a kan kayan jabu, shi ƙungiyar 'yan layin ke kira. Ya saurara, ya yi magana, shi ke nan. Wanda ya ce kayansa jabu ne, kwaɗo ake sa wa shagonsa.

Abin da ƙungiya ba ta sani ba shi ne, tun daminar bara siraran ƙararraki suka fara guje masa. Tsuntsayen asuba suka yi shiru. Butar shayi ta daina fito. Bai faɗa wa kowa ba.

Shi ya hana Patricia kai motar gareji. Da ita take ɗauko tukwane daga garin Kwali tana sayarwa a cikin gari, kuma bel ɗin tayimin ya tsufa, wannan bel mai haƙora da ke sa saman inji da ƙasansa su tafi tare. In ya tsinke a kan gudu, inji ya tashi aiki. "Ubanki na da rai za ki kai wa yaran nan mota su koyi aiki a kanta?" ya ce mata. Ya sayo sabon bel da sabuwar tenshina, 'yar tayar da ke ɗame bel ɗin, ya kwance ya ɗaura a tsakar gida.

Yanzu ga shi tsaye, ana jiransa.

Ya ɗauko sukundirebar. Ya dafa, ya manna, ya rufe ido. Gurnani. Ya matsa gefe, ya sake dafawa. Gurnani dai.

"Bari in gwada ki," ya ce, bai buɗe ido ba. "'Yar makanike ce ke ko 'yar mai tukwane? Yaya kika ji shi?"

"Kamar fito. Siriri haka, wiiii. In na taka totur sai ya ƙaru, in na saki sai ya sauka."

Fito mai bin totur, daga gaban inji, bayan an canza bel. Kansa ya yi lissafi da sauri, ya cafke amsar da ta fi kusa: boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen da tayar ke juyawa a kansu.

"Boris ne," ya ce. "Boris ɗin tenshina."

"Sabuwar da ka sa yanzu?"

"Ita."

"Wadda ka sayo a wajen Kawu Ilyasu?"

Nan ya kamata ya tsaya. Ilyasu ne ya nuna masa filin da ya kafa gareji lokacin da ya zo Abuja da akwatin sifana kawai. Naman Sallah daga gidan Ilyasu yake zuwa, shinkafar Kirsimeti daga nan take tafiya can. Amma idon Patricia na kansa, cike da yarda, irin kallon da take yi masa tun tana ƙarama.

"Kayan yanzu," ya ce, yana kaɗa kai. "Kwali mai kyau, ciki shara."

Patricia ta kashe motar ta fito, ta buga ƙofa. "Jabu ya ba ka? Kai? A motar da nake hawa hanyar Lokoja da ita, tsakanin tireloli?"

"Ki bari inji ya huce, zan sake buɗewa. Ba na son surutu."

Janet ta ɗago kai. Ta dube shi kawai, ta koma tsintar shinkafarta. Wannan kallon ya fi masa zagi ciwo. Ya shige ɗaki, ya ce bayansa ya riƙe, ya miƙe a kan doguwar kujera. Nufinsa in ya tashi ya kwance komai a hankali, ya gano abin da ido da hannu, ya gyara, magana ta mutu a cikin gida.

Barci ya sace shi.

Girgiza shi aka yi ya farka. Janet ce tsaye a kansa, wayarsa a hannunta.

"Wayar nan ta yi ta kuka a kusa da kanka har ta gaji. Ciyaman Friday ne, na ƙungiya."

"Friday? Me ya faru?"

"'Yarka ta ɗauki mota ta tafi layi. Ta kai ƙarar Ilyasu wajen ƙungiya. Ta ce Oga Kunne da bakinsa ya ce jabu ne."

Ya miƙe zumbur, har ya manta da ciwon baya. Ya leƙa ta taga. Inda motar take, ɗigon baƙin mai ne kawai da tsumma.

"Me ya sa ba ki hana ta ba?"

"Ina can baya ina wanki. Kuma da me zan hana ta? In ce mata ubanta ya yi ƙarya?"

"Janet!"

"Baban Patricia, zauna tukuna." Ta zagayo ta hagunsa, ta sassauta murya. "Tun bara in zan yi maka magana sai na zagayo ta wannan gefen. Ka ɗauka sha'awar hagunka nake yi? A coci kai kaɗai kake ci gaba da waƙa bayan kowa ya tsaya. Na yi shiru don na ga kana ɓoyewa. Yanzu faɗa min tsakaninka da Allah. Ka ji kukan motar nan?"

Ya dubi silifas ɗinsa. Ɗaya ya kife.

"Ban ji ba."

"To tashi ka je. Yau Asabar, layi cike yake. In suka sa wa mutumin nan kwaɗo a gaban jama'a, ko gobe aka cire, sunan ya riga ya bi shi."

Ya ɗauki sukundirebar, shi kansa bai san dalili ba, ya fita ya tare ɗan acaba.

Tun daga bakin layi ya hango taron. Makanikai da kayan aiki masu maiƙo, masu shaguna, masu sayar da abinci, har direbobin da suka zo sayen wani abu suka manta. Motar Patricia na tsakiya, bonet a buɗe. Ciyaman Friday, ƙato mai jar hula, yana tsaye da kwaɗo a hannu yana kaɗa shi kamar ƙararrawa. Ilyasu na bakin shagonsa, hannu a bayansa, farar rigarsa ba ko ɗigon mai. Patricia na ta magana da hannu biyu.

"Ga shi nan!" wani ya yi ihu. "Oga Kunne ya iso!"

Aka buɗe masa hanya. Wasu na taɓa kafaɗarsa. Wani ya ce, "Yau za a ji gaskiya."

"Oga, sannu da zuwa," in ji Friday, da Hausarsa ta kasuwa. "Wannan yarinya naka ya kawo magana mai nauyi. Ya ce Alhaji ta sayar maka jabu. Mu ba mu son wahala. Abeg, ka saurara a gaban kowa, ka faɗa, mu rufe magana."

Ebenezer ya kasa kallon Ilyasu. Ilyasu ne ya matso.

"Ebeneza," ya ce, shi kaɗai ke kiransa haka a layin. "Ni ban yi musu da yarinyar nan ba, 'yata ce. Na san inda na sayo kayana, amma ɗan Adam ne ni, ana iya cuta ta. Ka saurara. In ka ce boris ɗina ne, Ciyaman ya ba ni kwaɗon, ni da hannuna zan rufe. Kunnenka bai taɓa yi wa kowa ƙarya a layin nan ba."

"Haka ne!" jama'a suka amsa.

Da Ilyasu ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Patricia ta shiga ta tayar da motar. Nan take fuskoki suka canza. Wata mai sayar da kunu ta toshe kunne ɗaya. Wani makanike ya ce, "Kai! Ji fito kamar 'yan sanda sun tare hanya." Aka yi dariya. Ebenezer na tsaye a tsakiyarsu, shi kaɗai a duk layin bai san abin da ake yi wa dariya ba.

Ya dafa sukundirebar. Ya manna ƙotar a kunne. Ya rufe ido.

A cikin duhun idonsa ya ga yadda abin yake da sauƙi. Kalma ɗaya. Ya ce boris, ba mai tambayarsa. A canza tenshina, in fiton bai daina ba ya ce ita ma jabu ce. Ya koma gida yana Oga Kunne. Ilyasu kuma ya koma gida da makullin shagon da ba zai buɗu ba.

Ya nemi hanyar tsakiya. Ya buɗe ido, ya gyara murya.

"Da safe na yi gaggawa," ya ce. "Wataƙila ba boris ba ne. Ku bar min motar, in kai gida in duba a natse."

Friday ya karkata kai. "Wataƙila? Oga, tun da nake layin nan ban taɓa jin wataƙila a bakinka ba. In ba boris ba, mene ne?"

"Sai na duba."

"To doka ce, ka san ta, kai ma kana wurin aka yi shi. Magana ya shigo ƙungiya, shago zai zauna a rufe har a gama bincike." Ya juya. "Alhaji, sori. Fito da abin da za ka fito da shi."

Ilyasu ya juya. Ya shiga, ya ɗauko butarsa da dardumar sallah, ya fito, ya kama ƙofar ƙarfen ya fara jawowa. Ƙarar ƙofar mai kauri ce. Wannan kam Ebenezer ya ji ta sarai, har cikin haƙoransa.

"Tsaya!"

Ƙofa ta tsaya a rabi.

"Patricia, kashe motar."

Ta kashe. Layin ya yi tsit, ko kuma shi ne ya ji haka.

"Ban ji komai ba," ya ce.

Friday ya matso. "Oga, ka ce me?"

"Na ce ban ji komai ba!" Muryarsa ta fi yadda ya so fitowa. "Fiton nan da kuke ji, ni ban ji shi ba. Da safe ma ban ji ba. Tun bara kunnena ya tafi, sai ƙara mai kauri nake ji. Yarinya ta ce akwai kuka, na ji kunyar in ce ban ji ba, na tambaye ta yadda yake, na yi kintace. Na ɗora wa Ilyasu. Ban saurari boris ɗinsa ba. Ba ni da abin saurara."

Wani daga baya ya fashe da dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga shi kaɗai ke yi, sai ya mai da ita tari.

Patricia ta fito daga mota a hankali. "Baba," ta ce. Hannunta na kan bakinta.

"Shi ya sa," in ji Friday, kamar mai magana da kansa. "Tun bara duk lokacin da muka aika a kira ka, sai a ce ciwon baya."

"Shi ya sa."

Ba wanda ya san inda zai sa idonsa. Ebenezer ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Ya ajiye sukundirebar a kan bencin wani shago, ya naɗe hannun riga.

"A ara min sifana," ya ce. "Kunne ya tafi, hannu na nan."

Aka miƙo masa. Injin da zafi, murfin bel ɗin ya ƙona masa yatsu, bai damu ba. Ya cire murfin ya ajiye. Ga sabon bel, baƙi wul, a kan hanyarsa daidai, bai goga ko'ina ba. Ya kama tsakiyarsa da babban yatsa da manuni, ya gwada murɗa shi gefe. Bel mai lafiya yakan ba da kai ya juya. Wannan ko motsi. Kamar sandar ƙarfe.

Sai abin ya faɗo masa gaba ɗaya.

Shi bai taɓa ɗame bel da ma'auni ba, bai ma cika murɗawa da yatsa kamar sauran makanikai ba. Ɗan bugu yake yi wa bel da farce, ya saurari amonsa, kamar mai gyara tsirkiyar garaya. In amon ya hau daidai, sai ya ɗaure. Yau da safe ya buga, amon ya zo masa a dushe. Ya ƙara ɗamewa. Ya sake bugawa, a dushe. Ya ƙara. Yana ta neman amon da ya riga ya wuce shi tuntuni.

"Zo, Ciyaman," ya ce. "Murɗa."

Friday ya gwada, ya zare ido. "Jesus! Wa ya ɗaure wannan?"

"Ni. Shi ke fito. Ya ɗame fiye da kima, yana jan komai. Da ta hau hanyar Kwali da shi haka, ko ya cinye boris ɗin ko ya tsinke." Bai dubi Patricia ba da ya faɗi haka.

Ya sassauta notin tenshina, bel ya saki jiki. Ya sa yatsa ya juya 'yar tayar. Sumul take tafiya, ba tsakuwa, ba girgiɗi. Ya ja baya.

"Sa kunnenka kai. Nawa ba shaida ba ne."

Friday ya sunkuya, ya juya ta, ya saurara. Wani tsohon makanike ma ya sunkuya. Suka ɗago.

"Lafiya lau," in ji Friday. "Orijinal ne." Ya dubi kwaɗon da ke hannunsa, ya tura shi aljihu da sauri kamar kayan sata.

Ebenezer ya duba alamomin tayimin, suna nan inda ya bar su. Ya sake ɗamewa, wannan karon da yatsu, yana murɗawa yana ƙarawa kaɗan kaɗan har bel ya juya daidai gwargwado. Ya ɗaure, ya mai da murfi, ya yi wa Patricia alama.

Inji ya tashi. Gurnani, irin na safe, irin na ɗazu. A wajensa ba abin da ya canza.

Ya dubi fuskar Friday. Ya dubi mai kunu. Kowa na jiran ya yi magana, don haka aka saba. Shi kuma yana jiran su. Daga ƙarshe ya juya wajen 'yarsa, a gaban layin da ya yi shekaru yana yanke wa hukunci, ya tambaya.

"Ya daina?"

Idonta ya cika da hawaye. "Ya daina, Baba."

Ta fito, ta tafi kai tsaye gaban Ilyasu, ta durƙusa a kan ƙasa mai baƙin mai. "Kawu, ka yafe min. Na zage ka a gaban mutane."

"Tashi, 'yata. Ke abin da aka faɗa miki kika ɗauka." Ya tura ƙofar shagon ta koma a buɗe, ya mai da buta da darduma wurinsu. Sannan ya fito ya tsaya gaban Ebenezer.

"Tambaya ɗaya. Da safe, lokacin da ka ce kayana shara ne, ka san ba ka ji ba?"

"Na sani."

Ilyasu ya daɗe yana kallonsa. Ya kaɗa kai, ya juya ya shige shago.

Taro ya fara watsewa. Wani saurayi ya ɗauko sukundirebar daga benci ya miƙo. "Oga Kun..." Ya cije sauran. "Oga, ka manta wannan."

"Ka ba Ciyaman. Ya ba wanda ke ji."

Ya shiga mota ya zauna a gefen mai zaman banza, hannuwansa a kan gwiwa, yatsun da suka ƙone suna zugi. Patricia ta sa giya. Kafin ta motsa, inuwa ta rufe tagarsa. Ilyasu ne. Bakinsa ya motsa, ya faɗi wani abu a hankali.

Ebenezer ya fara gyaɗa kai kamar ya gane, irin yadda ya saba yi tun bara. Sai ya fasa.

"Ban ji ba," ya ce.

Ilyasu ya yi tsaki, ya zagaya ta gaban mota, ya zo tagar Patricia, ya sunkuyo ta wajen kunnen Ebenezer na hagu, ya ɗaga murya har masu shagon kusa suka waigo.

"Na ce ranar Litinin ka shirya da wuri, zan zo in kai ka asibitin kunne! Kuma kada ka ɗauka na huce. Ban huce ba!"

"Na ji," in ji Ebenezer.

"Da dai ya fi maka."

Ya buga rufin motar da tafin hannu, Patricia ta ja suka fita daga layin.